Kwanon Baffa da Ɗakin Inna

Ban yi aure nesa ba. Ranar da za a kai ni, sai da ƙawayena suka zagaya da ni ta bakin titi, suka biyo ta bayan masallaci, don dai a ce an yi rakiyar amarya. In ba haka ba, katanga ɗaya ce ta raba gidan mahaifina da gidan mijina a Tudun Wada. Ina cikin lulluɓi ina kuka, akuyarmu tana nata kukan a ƙetaren katanga, muna jin juna. Mata suka yi ta cewa na yi dace, ko tari na yi mahaifina zai ji. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Baffa muke ce wa mahaifina. Bafulatanin gari ne, dogo, ba ya son yawan magana. Da yaron mota ya fara, yana bin manyan motocin da ke kwasar auduga, har Allah ya ba shi tasa. Dada yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma wannan ya ɗaure mini gindi tun ina ƙarama. Abin da yayyena ba sa iya faɗa a gabansa, ni sai in faɗa, ya yi murmushi ya ce uwarsa ta yi magana. Da wannan bakin na girma, har yau kuma bai bar ni ba.

Uwar mijina kuwa, Inna duk unguwa ke ce mata. Ita da mijinta daga ƙasar Katsina suka zo, tun Turawa ba su miƙa mulki ba, lokacin da bayan gidajenmu duk gonaki ne. Ɗan koli ne shi. Da hannunsa ya buga tubali ya gina mata ɗaki a kusurwar gidan, ya rufa da azara ya yi daɓe a sama, kuma bangon bayan ɗakin shi ne ya zama wani ɓangare na katangar da ke tsakaninmu. A ɗakin ta yi haihuwarta duka, a ciki ta yi jinyarsa, a ciki ta yi masa takaba. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, don haka a wannan ɗakin aka yi mini kitso, a nan na koyi tuƙa tuwo, a nan na sha rankwashi. A shekarun nan Baffa yakan tsaya a bakin zauren Inna su gaisa baki da baki, ya miƙa mata goron da ya kawo daga tafiya, ta yi masa tsiyar cewa ya rame, ko ba a ba direbobi abinci ne.

Daga ranar da aka ɗaura aurena da ɗanta, duk wannan ya yanke. Sun zama surukai. In Baffa ya hango ta a lungu sai ya koma ya bi ta titi. In ta ji muryarsa a waje sai ta ja mayafi ta yi shiru. Goro bai daina zuwa ba, tuwo bai daina ƙetarawa ba, amma sai ta hannun yara. Mijina kuwa, tela ne mai shago a bakin titi, mutum mai sanyi wanda bai taɓa ɗaga murya ko ga ɗan koyo ba, in ya je gaishe da Baffa tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa har ya taso. Ba wanda ya ga aibun haka. Ni ma alfahari nake yi, in ce gidajenmu sun san mutunci.

Ina da ciki na biyu idon Inna ya fara dushewa, kafin in yaye yaron ya rufe gaba ɗaya. Amma in tana cikin ɗakinta ba ka cewa makauniya ce. Ta san inda randa take, ta san inda buta take, takan tashi ta ɗauko goronta a alkuki ba tare da lalube ba, ta fito alwala ta koma. Jikokinta in sun ɓata wuri sai ta gane ta yi faɗa. Da zarar ta wuce tsakar gida kuwa, sai an riƙe mata hannu. Duniyar da ta rage mata ke nan, ɗaki ɗaya da 'yar farfajiyar gabansa, kuma ta ishe ta. Takan ce ba ta roƙon Allah komai yanzu sai cikawa da imani, a kuma fitar da ita daga ƙofar da aka fitar da mijinta.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Wanda bai ga shekarun nan ba zai ɗauka ƙari muke yi. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyo, kowa ya tashi sai ya rushe ginin ƙasa ya sa bulo da kwano. Motar Baffa ta bar auduga ta koma jigilar siminti. Mijina ya yi ta ɗinki har wuyansa ya sage. A cikin wannan yanayi aka sa ranar auren ƙanena, Baffa ya ce ba za a kawo amarya ɗakin ƙasa ba, ciki da falo zai gina musu. Wurin da ya rage a gidan kuwa shi ne jikin katanga, daidai bayan ɗakin Inna.

Magina na ƙwarai duk suna wurin aikin gwamnati, ba a samunsu. Wanda aka samu wani saurayi ne da ya yi leburanci a ginin wata makaranta, ya ga yadda ake yi, ya sayi cokalin gini da igiya ya zama birkila. Ba mugu ba ne, gaggawa ce da rashin sani, ga wasu ayyukan suna jiransa a unguwar Bolari. Ya haƙa tushe bai kai gwiwa ba, a ƙasar Gombe mai yashi. Ya matso da ginin har ya kusa manne wa bangon Inna, ya bar wani ɗan tsukin da kyanwa ma sai ta matse. Sannan da aka zo rufi, don kada ruwa ya zuba a ƙofar amarya ya yi taɓo, sai shi da kafinta suka karkata kwanon gaba ɗaya ta baya. Bakin kwanon ya leƙo ya tsaya a saman bangon Inna. Tsofaffin magina ba sa haka. Kowa indararonsa cikin gidansa yake juyawa, ko zuwa lungu, abin da ko yaro ya sani.

Ni na fara gani, ina shanya a tsakar gida. Na ɗaga kai na ga kwano yana ƙyalli a kan ɗakin Inna. Da mijina ya dawo cin abincin rana na ja shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, ka ga abin da na gani?" na ce.

"Na gani."

"To, tun kafin ruwa ya sauka ka je ka gaya wa Baffa a juya shi."

Ya ce zai je. Bayan la'asar ya sa babbar riga ya zagaya. Ina jin su ta kan katanga, don na kafa kunne. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi iyali da ke nesa da taku kaɗan. Sai na ji Baffa, cikin wata fara'a da ban saba ji ba, yana cewa ya taso ya ga ginin. Ya zagaya da shi falo, ya nuna masa tagogin ƙarfe, ya buga bango da tafin hannu. Na ji mijina yana cewa, "Ma sha Allah. Allah ya sa albarka, Baffa. Allah ya sa a shiga a sa'a." Ya dawo gida da ƙullin goro a hannu.

Na tare shi a zaure raina a ɓace. Ya ce, "Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, bai tambaye ni komai ba, yau ya yi abin farin ciki ya kira ni in gani, sai in buɗe baki in ce aikinsa ya ɓaci? Bakina bai iya ba. Ki bari a gama biki."

Aka gama biki. Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, na tsaya a ƙofar madafi ina kallo. Duk ruwan da ya sauka a kan ciki da falon nan sai ya taru ya kwararo wuri guda, rabi ya daki kan bangon Inna, rabi ya faɗa cikin tsukin, inda ba shi da hanyar fita kuma rana ba ta shiga. Kafin damina ta yi nisa, yaɓen bayan ɗakin ya zube. Daga ciki bangon ya yi baƙi tun daga ƙasa har ƙugu, ɗakin ya ɗauki warin laima, tabarmi ya fara yin fumfuna.

Inna ta riga mu sanin komai. Wata safiya ina share mata ɗaki ta ce, "Amarya." Haka take kirana har ta bar duniya. "Bangon nan yana shan ruwa. Daga kwanon gidanku ne, ina jin saukarsa."

Na ce, "Shi ne, Inna. Yau zan shiga in yi magana."

"Ba za ki ba. Kada in ji an kai maganar ɗakina gidan surukai. So kike a ce tsohuwa ta zauna tana ƙirga wa mutane ruwan sama? Baffanki ne ya saukar da ruwan? A nemo ƙasa a yaɓe."

Aka nemo ƙasa aka yaɓe, ruwa ya wanke. Mijina ya samo tsofaffin kwanoni ya jingina a kan bangon ya danne da duwatsu, iska ta kwashe. Ya rataya buhuna, suka jiƙe suka ƙara wa bangon nauyi. Duk wannan kuma a ɓoye yake yi, sai ya tabbata motar Baffa ta fita gari, kada surukinsa ya gan shi a kan tsani ya ji kunya. Ina riƙe masa tsanin ina jin kamar in girgiza shi.

Da rani ya zo bangon ya bushe, amma ya bar tsaga daga sama har ƙasa, wadda hannuna ke shiga. Muka cusa ƙasa muka shafe. Na roƙi Inna ta koma ɗakina kafin wata daminar, ni in koma zaure da yara. Ta ce in ɗakin ya gaji da ita zai gaya mata.

Hadarin farko na shekara ta biyu yana haɗuwa na saɓa wa Inna. Na ɗauki mayafi na zagaya gidanmu, na sami Baffa a kan buzunsa yana sauraron rediyo. Na gaishe shi, ban tsaya kewaye-kewaye ba.

"Baffa, kwanon ɗakin nan yana kashe ɗakin Inna. Bangon ya tsage. In aka sake damina a haka, zai faɗi."

Ya rage muryar rediyon. Sannan ya ce, "Dada, maigidanki ne ya aiko ki?"

Na san ramin da ke cikin tambayar. In na ce shi ne, ya zama mijina ya raina shi har ya aika masa mace da ƙorafi. In na ce ba shi ba ne, ya zama na fito da maganar gidan mijina ba da izninsa ba. Na faɗi gaskiya, na ce ba wanda ya aiko ni.

"To ita fa? Ta ce wani abu?"

"Ta hana a faɗa."

"Kin gani," in ji shi. "Maigidan ya zo da ƙafarsa ya duba ginin nan ya sa albarka. Ita ba ta ce komai ba. In na tashi yanzu na hau cire kwano, me na ce musu? Na ce 'yata tana kwaso mini asirin gidansu, na kuma ce suna ƙullace da ni sun kasa faɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tsakanin surukai. Ki koma ɗakinki. Ranar da ya ce mini kalma ɗaya, ko da ido ne, kafin rana ta faɗi an sauke kwanon nan."

Na yi imani da gaske yake. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu da zan tsana in huta. Mutum uku ne masu kirki, kowa yana tattalin fuskar ɗan'uwansa, bango kuma yana ta shan ruwa. Na koma na gaya wa mijina abin da Baffa ya ce, na ce kalma ɗaya kawai ake nema. Ransa ya ɓaci da na je, irin ɓacin da ban taɓa gani ba, ya kwana biyu ba ya cin tuwona. Da ya huce ya ce yanzu ma abin ya fi wuya, don in ya je, Baffa zai san mun zauna mun yi shawara a kansa. Na ambaci mai unguwa, ya dube ni kamar na ce a kai Baffa gidan yari.

Abin da ya iya shi ne ya je wurin limamin masallacinmu. Liman ya ce a bar masa. Bayan sallar magariba ya yi doguwar nasiha a kan haƙƙin maƙwabci, bai kama suna ba, bai ambaci kwano ba. Aka ce Baffa yana sahun gaba yana gyaɗa kai. Washegari ya aiko wa Inna da buhun gero da ƙwaryar goro, ta yi ta sa masa albarka.

Marka ta kama a watan da ta saba. Kwana da kwanaki ana yayyafi, a ɗauke a dawo, rana ba ta fitowa balle wani abu ya bushe. Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, mijina yana shago, yara suna makarantar allo. Na shiga na ce, "Inna, ki zo madafi ki ji ɗumin wuta." Ta ce in bari ta idar da lazimi. Na koma ina fama da ɗanyen itace. Ban ji wata babbar ƙara ba. Wani nishi na ji mai nauyi, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, da na fito sai na ga sararin sama a inda bangon yake.

Bangon baya ya zauna, rufin ya rufto ta gefe ɗaya. Azarorin suka sauka a baya, kawunansu na gaba suka tsaya a kan bangon ƙofa, suka bar wani ɗan rami a ƙarƙashi. Ƙofar ta toshe. Na yi ta kiran Inna ina tonon laka da hannu, ban san ma ina ihu ba sai da muryata ta dushe.

Baffa ne ya fara isowa, don ranar bai fita ba. Bai zagayo ta zaure ba, bai yi sallama ba. Katangar da ke gefen ɗakin ita ma ta zube, ta kan ɓaraguzan ya tako, ba hula, ba takalmi, ya shigo cikin gidan da rabonsa da shi tun kafin aurena. Ya sa kafaɗa ya ɗaga azara, ƙanena da wasu maƙwabta suka tallafa, ya kutsa ciki. Ya same ta a zaune a kan gado, laka ta binne ta har ƙugu, carbi a hannunta, ko ƙwarzane babu. Ya tone ta ya goya ta a bayansa. Tsakar gidanmu ta zama tafki, don haka ya juya da ita ta inda ya fito, ya kai ta falon ƙanena ya kwantar a kan kujera.

Ina goge mata fuska ta ce, "Wa ya ɗauko ni?"

Baffa yana tsaye a bakin ƙofa, laka har gemu. Sai ya ce, "Ni ne. Sannu. Allah ya kiyaye gaba."

Da ta ji muryarsa sai ta hau lalube tana neman mayafi, babu. Ta ɗaga hannu biyu ta rufe fuskarta. Baffa ya fita da baya. Na tarar da shi a bayan ginin yana kallon bakin kwanon, ruwa yana zuba a kansa, yana kuka ba sauti. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a rasuwar mahaifiyata. Ina da maganganu cike da baki da na tanada masa, ko ɗaya ban iya faɗa ba.

Ta wuni a falon nan kafin ruwan tsakar gidanmu ya janye. Amaryar ƙanena ta dama kunu ta kawo, ta yi tuwo ta kawo, Inna ta yi godiya ba ta taɓa ba. Ba a cin abinci a gidan surukai, wannan kowa ya sani, ba wanda ya matsa mata. Da yamma muka dawo da ita ɗakina.

Washegari Baffa ya kira kafinta. Kafin azahar an sauke kwanon, kafin magariba an juya shi yana zuba cikin gidansa. Aikin wuni ɗaya bai cika ba. Na zauna a ƙofar madafi ina jin bugun guduma, kowace ƙusa kamar a kaina ake buga ta.

Mijina ya yi niyyar a jira rani, a buga tubali, a mayar wa Inna ɗakinta yadda yake, da azararsa da alkukinsa, ƙofa a inda take. Ni ma haka na so. Amma kafin mako ya zagayo motar Baffa ta tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauke bulo da siminti da kwano sabo fil. Ya samo magini na gaske wannan karon, ya ce a yi mata ɗakin da ya fi na kowa a unguwar. Na ce wa mijina, "Malam, ba irin wannan take so ba. Ka gaya masa." Ya ce, "Mutum ya zo wanke laifinsa, in ce masa ruwan bai yi ba?" Na ga fuskar Baffa a kwanakin nan, ni ma ban iya zuwa ba.

Ɗakin ya yi kyau, ba ƙarya. An ja shi nesa da katanga, an faɗaɗa shi, an sa taga biyu da daɓen siminti, ƙofar ta koma fuskar gabas. Unguwa ta yi ta zuwa kallo, ana yaba wa Baffa. Muka shigar da Inna, na kama hannunta na zagaya da ita, ga gado, ga randa, ga buta. Ta ce an gode, Allah ya saka. Ta zauna a bakin gado, ta gyara mayafi ta rufe har goshi.

Tun ranar da ɗakin ya faɗi hankalinta ya ɗan taɓu, takan manta abin da aka yi jiya. Amma ba mu gane inda abin ya dosa ba sai da aka yi ruwa a kan sabon kwanon. Ta ɗaga kai tana saurare, sannan ta kira ni da raɗa.

"Amarya, har yanzu muna gidanku ne?"

"A'a Inna, gidanki ne. Ɗakinki ne sabo."

"Ɗakina ba ya wannan ƙara," ta ce. "Na san inda nake. Nan ne ya kawo ni."

Na rantse mata, mijina ya rantse mata. Muka fito da ita muka taɓa mata turmi da bishiyar tsakar gida, ta yarda, ta yi murna, da an koma ciki ƙafarta ta taka siminti sai ta ja mayafi. Ta daina faɗa da jikoki. Ta daina magana da ƙarfi. Ba ta tashi ko alwala sai an zo an ɗaga ta, don kada ta yi karo da kayan mutane. Abinci kuwa, in na kawo sai ta ce ta ƙoshi. In na shimfiɗa mata tabarma a waje takan ci loma kaɗan, amma damina ce, kuma jikinta ya yi rauni, ba kullum take iya fitowa ba. Na yi lallashi, na yi kuka, har faɗa na yi mata, ni da ta yi wa rankwashi. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar gida ce, ki ci abinki. Ni ina zan sa fuskata?"

Ina kallo tana ƙarewa. Baƙin cikin da na yi a watannin nan ban sake yin irinsa ba, kuma ban san wanda zan ɗora wa ba.

Baffa ya koma yadda yake, ba ya shigowa, sai dai kullum da safe ya tsaya a zaure ya aiko a tambayi jikinta. Da aka ce masa jikin ya yi tsanani, ya nemi izni ya shigo, ya durƙusa a waje, bayan labulen ƙofa. Ya gaishe ta. Ta tattara ƙarfinta ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"An gode da ɗawainiya," ta ce. "An gode da masauki. Mun takura muku."

Baffa ya dube ni bai gane ba. Na kawar da kai. Ya yi addu'a ya tashi, na ji takunsa har ya fita zaure.

Ta jira sai da gidan ya yi tsit, sannan ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Inna."

"To ki ce wa maigidanki ya zo ya kai ni gida. Na daɗe a gidan mutane."

Na ce zan gaya masa. Ta saki hannuna ta gyara mayafinta, ta zauna tana jira. Kafin a yi girbi aka fitar da ita ta sabuwar ƙofar.